Ranar da Zakin Dutse Ya Share Daji

"Ni fa ko ɗaure min ido aka yi, aka juya ni sau bakwai, aka ajiye ni a tsakiyar daji, da hanci kawai zan dawo gida. Daji ya san ni. Ina shiga tsuntsaye suke yin tsit, don sun san manya sun iso."

Yayana ne yake wannan magana. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, saboda haka kada ka ce ƙiyayya ce ta sa nake ba ka labarin nan. Kuma don ka san irin gwarzon da muke magana a kai, lokacin da ya faɗi haka yana kwance ne rigingine a kan katifa mai inci goma sha biyu, a shagon surukinsa, fanka tana kaɗa shi, ya harɗe ƙafa. Mutumin da in ya shiga babbar kasuwa sai ya kira ni a waya sau uku yana tambayar ta ina ake fita.

Shekara goma sha ɗaya Yaya ya yi yana sayar da katifa a shagon nan. In ce maka sayarwa, amma gaskiya gwadawa ya fi yi. Babu katifar da ta taɓa fita daga shagon ba tare da ya yi mata barcin bankwana ba. Rannan sai tsautsayi ya sa ya ga wani bidiyo a waya: wani ƙato da hula mai faɗin baki yana jan baƙi zuwa kan dutse, suna ta tafa masa. Shi ke nan, Yaya ya tashi zaune, abin da bai cika yi a wurin aiki ba, ya ce ya gano abin da aka haife shi dominsa. Jagoran masu yawon daji da hawan dutse zai zama. Kafin sati ya zagayo ya yi rajista a wata makarantar da ke koyar da wannan aiki, ya kuma raɗa wa kansa suna Zakin Dutse. Mu a gida Zakin Katifa muke ce masa, amma sai ya juya baya.

Surukin nasa, wanda dukanmu muke kira Baba, dattijo ne mai rowar magana. Ya saurari Yaya har ya gama zuba, sannan ya cire tabarau ya ce, "Wata uku ka ce?"

"Wata uku, Baba. Amma ni sati biyu ma ya ishe ni. Don kada in kunyata sauran ɗalibai ne zan zauna."

"To. Ka kawo takardar shaida, in sallame ka da albarka. In ka faɗi, ka dawo shagon nan, kuma kalmar daji kada in ƙara jin ta a bakinka har in bar duniya."

"Baba," in ji Yaya yana bugun ƙirji, "ka fara neman wanda zai gaji kujerata."

"Kujera?" in ji Baba. "Ni ban taɓa ganin ka a kanta ba."

Ka ga abin da Yaya ya saka a gaba ke nan: ko takarda, ko katifa har abada.

Sai kaya. Wayyo kaya! Yaya ya sayi hula mai faɗin faifai. Ya sayi takalmi irin na sojoji wanda kowace ƙafa ta kai nauyin bulo. Ya sayi riga mai aljihu goma sha huɗu, har shi kansa ba ya tuna wanda ya saka makulli a ciki. Ya sayi wata wuƙa doguwa kamar takobi ya rataya a gaban cikinsa, wai saboda namun daji. Matarsa ta ce tun da wuƙar nan ta shigo gidan abu ɗaya ta taɓa yankawa, shi ne ɗan yatsan mai ita.

Mai koyar da su wata mace ce gajera, tsohuwar soja, wadda ba ta ɗaga murya don ba ta da bukata. Malama suke ce mata. Wani abokin karatunsa ya ba ni labarin yadda Yaya yake a aji. Ranar koyon ƙulla igiya, Malama ba ta gama nunawa ba ya ce ya iya, har da irin ƙullin da ba a koyarwa a makaranta. Ya ƙulla kuwa. Minti ashirin aka yi ana kwance shi daga jikin turke. Ranar kafa tanti shi ya riga kowa gamawa, ya shiga ciki yana ɗaga wa mutane hannu, iska ta ɗan yi tari, tantin ya rufta da shi, ya fito da rarrafe yana cewa dama gwada ƙarfin yadin yake yi.

Darasi ɗaya ne tak ya shiga kansa ya zauna. Malama ta ce jagoran kirki ba ya barin komai a daji sai sawun ƙafarsa, kuma duk sharar da ya gani ya ɗauke ta. Wanda ya dawo da shara ranar jarrabawa yana da ƙarin maki. Yaya da ya ji ƙarin maki sai ya ja layi uku a ƙarƙashi. Darasi ɗaya kuma ya tsallake gaba ɗaya, na wata Laraba da aka koyar da alamomin hanya. A ranar yana wurin mai hoto, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera, yana hangen nesa a gaban labulen da aka zana dutse. Ka riƙe Larabar nan a ranka, za mu dawo kanta.

Jarrabawar ƙarshe ba ta takarda ba ce. Kowane ɗalibi zai zo da mutum uku da ba su san daji ba, ya kai su kan dutse, ya sa hannu a littafin da aka ajiye a can cikin akwatin ƙarfe, ya dawo da su lafiya kafin ƙarfe huɗu. Sau ɗaya ake yi, babu maimaici. Yaya ya zagaya dangi yana neman mutum uku, sai ga shi a sati guda ciwon kai ya kama gidanmu kaf. Ni na rasa hanyar gudu saboda ƙani ne. Baba ya ce zai je don ya gani da idonsa. Na ukun kuwa Gwaggo ce, yayar mahaifinmu, mai shekara sittin da ɗoriya da gwiwa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ita da kanta ta ce za ta je, wai ta gaji da zaman ɗaki. Ta zo da takalmin roba da lema da 'yar jakarta a hammata.

Yaya ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Gwaggo, hawan dutse fa za a yi, ba gaisuwar maƙwabta ba."

"Na ji, ɗan nan. Ni dai ku tafi, ina biye."

Ranar jarrabawa da safe muka taru a sansanin makarantar a gindin dutsen. Aka karɓe wayoyinmu aka zuba a kwali. Aka ja mu baƙi gefe guda muna cike takardu, Malama kuma ta tara ɗalibanta uku da ke da jarrabawa a ranar tana yi musu bayani na ƙarshe. Ina hango su. Biyu sun kafa mata ido suna gyaɗa kai. Na ukun yana jikin madubin motar makaranta yana gyara zaman hula, ya karkata ta dama, ya karkata ta hagu.

"Kai mai hula," na ji Malama ta ce, "ka ji abin da na faɗa?"

"Malama, tun kafin ki faɗa na ji."

Ta dube shi na ɗan lokaci, irin kallon da likita ke yi wa hoton ƙashi. Sannan ta miƙa masa taswira, da kamfas mai nuna arewa, da akwatin magani, da ledar alewa guda arba'in saboda wanda ƙarfinsa zai yanke a hanya. Na ƙarshe ta rataya masa usur a wuya. Wannan kam da ƙarfi ta faɗa, kowa ya ji: duk wanda ya ɓata ya busa sau uku za a je a ɗauko shi, amma ya faɗi jarrabawa.

"Ki ajiye usur ɗinki, Malama, kada ya yi tsatsa a wuyana," in ji Yaya.

Muka kama hanya. Yaya a gaba, ƙirji a waje, wuƙa tana dukan cikinsa. Ni a bayansa ɗauke da jakarsa, don ya ce jagora yana bukatar kafaɗa a sake saboda tunani. Baba yana bin mu da sanda. Gwaggo can a ƙarshe, kanta a sunkuye, tana lallaɓa gwiwa. Ba mu yi nisa ba ta tsaya ta miƙa hannu za ta tsinki wani ganye.

"Gwaggo!" Yaya ya daka tsawa har wani tsuntsu ya tashi. "Nan ba tsakar gida ba ne. Kada ki taɓa komai sai da izinin jagora!"

Gwaggo ta janye hannu a hankali. "To, jagora," ta ce.

A mararrabar farko muka ga wani jan ƙyalle ɗaure a reshe. Yaya ya tsaya cak, ya riƙe ƙugu, ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Kun gani ko? Kun ga halin mutane? Mutum ya rasa inda zai yar da tsummansa sai jikin itace. Kai, kawo buhu."

Ashe har buhu ya taho da shi a jakar. Ya kwance ƙyallen, ya ɗaga shi sama don kowa ya shaida, ya jefa a ciki ya ce, "Maki ɗaya." Ya ɗaga ido, sai ga wani jan ƙyallen can gaba. Ya nufe shi da sauri kamar kaza ta ga tsaba. Daga wannan sai ya hango wani. Haka muka yi ta tafiya, daga ƙyalle zuwa ƙyalle, buhu yana ciko, Yaya yana tsine wa ƙazaman duniya.

Ni dai abin ya ɗan tsaya min a rai. Na ce, "Yaya, ka lura kuwa ɗaurin nan duk iri ɗaya ne? Kuma duk a daidai tsayin ido suke."

"To ƙazami ɗaya ne ke nan," in ji shi. "Kuma gajere. Kai dai riƙe buhu, kada ka koya min aikina."

A wani wuri hanyarmu ta gitta wasu hanyoyi biyu. Nan kuma sai ga shuɗin ƙyalle, ga rawaya. Yaya ya ce lallai yau daji ya yi sa'ar zuwansa. Ya bar mu a tsaye, ya shiga dama ya tsinto shuɗi har inda idonsa ya kai, ya shiga hagu ya kwaso rawaya, ya dawo yana haki da murmushi. Gwaggo ce da ta iso ta ce, "Ɗan nan, tun ɗazu nake ganin wani abu yana faɗowa daga..."

"Gwaggo, a daji jagora ne yake magana."

"To, jagora."

Ka san abin haushi? Mun isa kan dutsen. Ƙarfe goma sha biyu saura muna sama, ba mu yi kuskuren ko taku ɗaya ba. Ina za mu yi kuskure, tunda mutumin ya bi jajayen ƙyallayen nan ɗaya bayan ɗaya har bakin akwatin ƙarfen? Amma je ka faɗa masa. Ya hau wani ƙaramin dutse, ya buɗe hannuwa, ya shaƙi iska.

"Kun ga na duba taswira? Kun ga na taɓa kamfas? Hanci, Baba! Hanci kawai!"

A littafin nan kowa suna da lokaci yake rubutawa a layi ɗaya. Yaya ya cika shafi guda, har da shawarwari ga masu zuwa a baya.

Muka huta, muka sha ruwa, muka juyo. Saukowa kaɗan muka iso wata mararraba mai hanya uku, da wani busasshen itace a kwance a tsakiya. Yaya ya tsaya. Ya duba dama, ya duba hagu. Rassa tsaf, babu ko zare. Daji ya yi fes, an share shi tas.

"Wacce ce tamu?" in ji Baba.

"Baba, ka ba hanci lokaci."

Ya ɗaga hanci sama yana shinshina kamar mai neman inda abinci ya ƙone. Ta dama ya fara kallo ya ce wannan ba ita ba ce, ai ga ta tana hawa sama, mu kuwa sauka za mu yi. Yaro ma ya san wannan. Ya zaɓi ta hagu. Muka yi tafiyar minti arba'in cikin ciyawa, muka zagaya wani ƙaton dutse, sai ga mu a mararraba mai hanya uku da busasshen itace a kwance.

Na ce, "Yaya, wannan itacen kamar na san shi."

"Ɗan'uwansa ne. Irinsu ɗaya, a daji haka suke."

"Har da sawun takalminka a jikinsa?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce yanzu zai nuna mana aikin ilimi, ya zaro kamfas ya ɗora a tafin hannu, daidai gaban cikinsa inda wuƙar nan take rataye. Ita kuwa allurar kamfas, duk wanda ya zauna a aji ya san ƙarfe take bi in ya matso kusa. Allura ta yi rawa, ta juyo, ta nuna cibiyar Yaya. Ya juya gabas, ta nuna cibiyarsa. Ya juya yamma, ta bi shi. Ya yi zagaye guda cur, tana nan a kan tumbinsa kamar ta ga mai ita.

"To, me ta ce?" in ji Baba.

Yaya ya yi gyaran murya. "Ta ce a bi ni."

Muka bi shi ta tsakiya. Wannan hanyar ƙaya ce zalla. Ta fara da hular, ta cire masa ita sau uku. Ta kama rigar ta yage aljihu huɗu. Ya zaro wuƙa zai sare wani reshe, reshen ya lanƙwasa ya dawo ya shimfiɗa masa mari a kunci, ya ce da gangan ya bari don mu ga haɗarin da ke cikin aikin. A ƙarshe hanyar ta mutu a bakin wani kwari mai laka. Yaya ya ce zai gwada zurfinsa, ya zura ƙafa ɗaya, ya zaro ta da safa kawai. Takalmin soja na dama yana can har yau yana gadin kwarin. Muka juyo, jagora yana tafiya ɗingis, ƙafa ɗaya bulo ƙafa ɗaya safa, har muka sake isowa wurin busasshen itacen.

"Sannunmu da dawowa," in ji Gwaggo, ta gaida itacen.

Ƙarfe biyu ta wuce. A nan ne wasa ya ƙare. Baba ya zauna a kan itacen, na ga hannunsa yana rawa a kan sanda, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Yana da ciwon sukari, kuma in ya daɗe bai ci komai ba sukarin kan sauka. Na zabura na yi kan Yaya.

"Yaya, alewa! Kawo alewar da Malama ta ba ka!"

Yaya ya fara laluben aljihu. Na ɗaya, na biyu, na bakwai. Daga na tara ya zaro ledar, a lanƙwashe, babu ko ɗaya a ciki.

"Tururuwa," in ji shi. "Tururuwar daji ba ta da imani."

"Tururuwa ta ci alewa arba'in har da takardunsu?"

"Ɗan nan," in ji Gwaggo, "buɗe bakinka."

Bai buɗe ba, amma da ya zo yin musu sai harshen ya leƙo, ja wur kamar an rina shi. Ashe tun daga gindin dutse yake jefa su a baki ɗaya bayan ɗaya, yana gaba, mu muna kallon ƙeyarsa. Gwaggo ba ta ƙara kallonsa ba. Ta buɗe 'yar jakarta ta zaro ƙwayoyin sukari da ta naɗe a hankici, ta saka wa Baba biyu a baki, ta ba shi ruwa, ta buɗe lema ta riƙe masa. Bayan minti goma rawar hannun ta tsaya.

Na juya kan Yaya na ce, "Busa usur ɗin nan."

Ya damƙe shi da hannu biyu. "Ba zan busa ba."

"Yaya, dattijo ne fa a zaune nan!"

"In na busa, katifa zan koma." Muryarsa ta yi ƙasa, babu zaki a cikinta ko kaɗan. "Shekara goma sha ɗaya, kai. Kullum bango ɗaya nake kallo."

Wallahi a wannan lokacin ya ba ni tausayi, duk da ina jin kamar in shaƙe shi da igiyar usur ɗin. Sai Gwaggo ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Jagora, a ba ni izini in yi magana?"

"Yi, Gwaggo," ya ce da ƙyar.

Ta nuna hanyar dama da bakin lema, wadda hanci ya ƙi tun farko. "Mene ne wancan mai ƙyalli?"

Na je na duba. Takardar alewa ce, ja mai walƙiya, a gefen hanya cikin ciyawa.

"Tun daga ƙasa nake ganin su suna faɗowa daga hannunka," in ji Gwaggo. "Na so in faɗa, aka ce jagora ne yake magana. Na so in tsince, aka ce kada in taɓa komai. To na bar su inda suke. Mu je, akwai wata a gaba."

Akwai kuwa. Hanyar ta ɗan hau kaɗan sannan ta gangara, kuma duk bayan 'yar tafiya sai ga takardar alewa tana mana murmushi a rana. Gwaggo a gaba da takalmin roba, tana nunawa da lema, ni ina tsinta ina zuba mata a jaka. Baba yana biye, ya dafa kafaɗata. Zakin Dutse a ƙarshe, ɗingis, ɗingis, yana jan buhu. Awa ɗaya da rabi babu wanda ya ji muryarsa, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yaye shi.

Amma kada ka yi saurin yi masa murna. Muna hango rufin sansanin, ƙarfe huɗu saura minti biyar, sai na ji iska ta wuce ni. Yaya ne. Ya sha gaban Gwaggo, ya gyara hula, ya turo ƙirji, ya shiga sansanin a gaba kamar wanda ya ci yaƙi.

"Malama! Zakin Dutse ya dawo! Mutum uku na tafi da su, mutum uku na dawo da su, ga agogo shaida!"

Malama tana tsaye da mataimakanta biyu, tana kallon daji, fuskarta babu walwala. Sauran ɗaliban biyu da mutanensu ba su dawo ba, kuma su ne mafiya ƙoƙari a ajin. Ta juyo ta dubi Yaya, ta dubi safarsa, ta dubi agogo.

"Kun dawo a kan lokaci," ta ce, kamar maganar tana mata ciwo.

Ka ga da ya yi shiru a nan, wa ya sani? Amma Yaya da shiru ba su taɓa zama a ɗaki ɗaya ba.

"Ba shi ke nan ba, Malama. Ki shirya ƙarin maki, don biro ɗaya ba zai isa ba."

Ya ɗaga buhu ya zazzage a gaban ƙafarta. Ja, shuɗi, rawaya, tuli guda.

"Wani ƙazami ne ya bi dajin nan yana ɗaura tsummoki a itatuwa. Gajere ne, na gane daga tsayin ɗaurin. In kin kama shi, Malama, ki bar ni da shi."

Malama ta sunkuya ta ɗauki ƙyalle ɗaya, ta juya shi a hannu.

"Kwana biyu na yi ina ɗaura waɗannan," ta ce a hankali. "Ja naka. Shuɗi da rawaya na 'yan'uwanka. Na koyar ranar Laraba. Na maimaita yau da safe."

Tana rufe baki, daga can cikin daji ta gabas muka ji usur, sau uku. Ba a jima ba wani ya amsa daga yamma, shi ma sau uku. Mataimakan Malama suka ɗauki igiya da ruwa suka ruga, ɗaya nan ɗaya can.

"Waɗancan biyun za su sake jarrabawa, ba laifinsu ba ne," in ji Malama. "Kai kuma, tunda ka kwashe alamar hanya, da me ka dawo?"

Yaya ya taɓa hancinsa, amma ko shi bai yarda ba.

Gwaggo ta matso ta juye jakarta a kan tebur. Takardun alewa suka zubo suna ƙyalli.

"Talatin da tara," ta ce. "Ɗayar ina jin da takardar ya haɗiye."

Malama ta dubi tulin ƙyalle, ta dubi tulin takardu, ta rufe littafin makinta ba tare da ta rubuta komai ba. Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "Ranar Litinin ƙarfe takwas ake buɗe shago. An kawo sabbin katifu."

"Kafin Litinin akwai gobe," in ji Malama. "Ƙarfe bakwai na safe ina son ka a nan. Kowane ƙyalle za ka mayar da shi reshen da ka kwance shi."

"Malama, ai ni ban san inda..." Ya tsaya.

"Hancin fa?"

"Mura nake yi."

Malama ta juya wajen Gwaggo, a karon farko na ga haƙoranta. "Mama, ko za ki iya tuna wuraren?"

"Me zai hana, 'yar nan? Ai ni ƙasa da itatuwa nake kallo, ba kaina ba."

Washegari ba a gayyace ni ba, amma ko da rarrafe ne sai na je. Ƙarfe bakwai Yaya yana tsaye a bakin daji da buhu a kafaɗa, ƙafa ɗaya takalmin soja, ɗaya silifas ɗin matarsa. Gwaggo ta iso a hankali, gwiwa tana ƙara. Ta miƙa hannu ta cire usur daga wuyansa ta rataya a nata. Ta cire hular ta ɗora a kan ɗankwalinta, ta karkata ta dama. Ta ba shi lema da jaka ya riƙe mata. Sannan ta laluba aljihunansa goma da suka rage, ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar babu alewa.

"Ka bi bayana, ɗan nan," ta ce. "Kuma kada ka taɓa komai sai da izinin jagora."